Doki 55 a takarda, doki nawa ne a kan yashi?

Wani ƙanena da ke zaune a Sharaɗa ya aiko mini da tambaya. Ya ce yana da gona a wajen Bunkure, daga bakin kwalta zuwa gonar kilomita 15 ne na burji da yashi, kuma Boxer ɗinsa na shan wahala a wurin. Sai aka yi masa tallan babur ɗin daji ɗan Kwatano, irin dogayen nan masu taya mai ƙuraje, mai 450cc, aka ce ƙarfinsa doki 55 ne. Boxer ɗinsa kuwa doki 8. Ya buga lissafi ya ga ninki bakwai ke nan, amma mai sayarwa ya ce masa iyakar gudun babur ɗin wajen kilomita 140 ne a awa, alhali Boxer na yin 85. Ya ce: "Yaya, to ina sauran dawakin suka shiga? Kuma in na saya, zai rage mini lokacin zuwa gona?"

Ƙanena, mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba, dawakin nan suna nan cikin injin. Abin da bai gaya maka ba shi ne, tsakanin inji da gudun da za ka gani a hanya akwai masu karɓar rabo da yawa, kuma a hanya irin ta gonarka mafi cin rabo ita ce ƙasar da kake takawa. Na shekara fiye da 20 ina kwance injin babur ina ɗaurawa a garin nan, kuma wannan magana na sha yin ta da masu kawo mini gyara. Bari in bi maka ita daki-daki.

Mu fara da shi kansa ƙarfin dokin. Wani injiniya ɗan Sikotilan, James Watt, shi ya yaɗa wannan ma'auni a ƙarni na 18, don ya nuna wa masu sayen injinsa na tururi dawaki nawa injin zai maye gurbinsu. Doki ɗaya a wannan ma'auni wat 746 ne. A babur, ƙarfin doki abu biyu ne aka haɗa: ƙarfin murɗawar da inji ke yi, wanda ake aunawa da Nm, da kuma yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Ka ninka na farko da na biyu, ka raba da 7,120, abin da ya fito shi ne doki. Boxer ɗinka na murɗa wajen Nm 8, in ya kai juyi 7,000 a minti, ka ga doki 8 ke nan ba kaɗan. Wancan 450 ɗin yana murɗa wajen Nm 45, a juyi 9,000, sai ya ba ka doki 55 da ɗoriya.

Ka lura da abin da wannan lissafi ke faɗa. Adadin da aka rubuta a takarda, inji na ba da shi ne a wuri ɗaya tak, lokacin da aka murɗe totur har ƙarshe kuma injin ya hau can sama yana ihu. In kana tafiya da rabin totur a juyi 4,000, wanda nan ne mai zuwa gona yake yini, abin da ke hannunka bai kai rabin wancan adadi ba. Sannan kamfanoni da yawa a bakin inji suke aunawa, kafin ƙarfin ya bi ta kuloci da giya da sarƙa. Kafin ya isa tayar baya, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ya tafi. In sarƙar ta bushe, ƙura ta cinye ta, ko an ɗaure ta tamau kamar igiyar guga, abin da ke tafiya ya fi haka.

Haka kuma kada cc ya ruɗe ka, domin cc faɗin cikin silinda ne kawai. Honda CG125 da muka taso muna gani a garin nan doki 10 zuwa 11 yake bayarwa. Yamaha YZ125, babur ɗin tsere mai bugu biyu, irin wanda ake haɗa masa fetur da baƙin mai, ya haura doki 30. Cikinsu ɗaya, amma ɗayan an ƙera shi ya yi shekaru yana ɗaukar kaya, ɗayan an ƙera shi ya yi juyi fiye da 11,000 na ɗan lokaci a sake kwance shi. In ka hau YZ ɗin ka bar shi a ƙasan juyi, za ka ji shi sanyi ƙalau kamar bai ci abinci ba, sai ya kai wani mataki ya fizge ka gaba ɗaya. Wannan fizgar ce ke kayar da sababbin hawa.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko, wato me ya sa ninki bakwai na ƙarfi bai zama ninki bakwai na gudu ba. Iska ce. Kai ma ka san ta. Ka tuna in ka hau titin Zariya ka wuce Na'ibawa hanya ta buɗe, a kilomita 40 ba ka jin komai, a 80 rigarka ta cika ta zama tanti, hularka na neman tashi, idonka na hawaye. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don ya keta ta kuma sau takwas. Wato in doki 8 ya kai ka 85, to kafin ka ga 170 sai ka nemo wajen doki 64. Da doki 55, ko da an daidaita komai tsaf, wajen 160 za ka tsaya. Ga inda dawakinka suka shiga. Babur ɗin daji ma ya fi shan wahalar iska, domin dogo ne, hannunsa na da faɗi, mahayin na zaune a miƙe ƙirji a buɗe. Shi ya sa in yaran nan na son ƙure maleji suke kwanciya a kan tanki, kuma da gaske gudun na ƙaruwa. Shi ya sa kuma lokacin hunturu, in iskar arewa maso gabas na kaɗawa, mai tafiya Gumel ko Haɗeja yake jin babur ɗinsa ya yi nauyi, a dawowa kuma ya ji kamar an sake masa inji.

To me ya sa mai sayarwa ya ce 140, bai ce 160 ba? Saboda giya. Babur ɗin tseren fili an yi masa giya gajeru, yawanci biyar, domin a filin tsere babu doguwar miƙaƙƙiyar hanya. Ka duba farantan sarƙa masu haƙora guda biyu, ƙaramin da ke jikin inji da babban da ke tayar baya. A irin waɗannan babura za ka tarar da haƙora 13 a gaba, 48 zuwa 51 a baya. Sai ƙaramin ya juya kusan sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan na ba shi ƙarfin tashi da hawan tudu, amma a giya ta biyar injin na kai iyakar juyinsa tun iska ba ta gama tare shi ba. In ka ƙara haƙori ɗaya a gaba, ka mai da 13 ya zama 14, gudun ƙarshe zai ƙaru da wajen kashi 8 cikin ɗari, ƙarfin tashi kuma ya ragu da kwatankwacin haka. Haƙori ɗaya a gaba daidai yake da uku zuwa huɗu a baya.

Amma wannan dabara tana aiki ne ga injin da ke da rarar ƙarfi. Kwanakin baya wani yaro ya kawo mini ƙaramin babur ɗinsa mai 100cc, ransa a ɓace. An ba shi shawara ya sa babban faranti a gaba, ƙarami a baya, wai zai riƙa wuce kowa a titin Gwarzo. Ya sa, sai ga shi gudun ya ragu. Na hau na gwada. A giya ta uku yana tafiya lafiya, ina sa ta huɗu sai injin ya yi ƙasa da murya, yana gurnani, ya kasa hawa inda ƙarfinsa yake. An ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Muka mayar da farantan kamfani, gudunsa ya dawo. Giya ba ta haifar da doki ko ɗaya, raba wanda ke akwai kawai take yi tsakanin ja da gudu.

Duk wannan maganar kwalta ce. Kai kuwa hanyar gona ka tambaya, kuma nan ne nake so ka buɗe kunne sosai.

A kwalta taya na manne da ƙasa, kusan duk abin da inji ya tura yana zama tafiya. A burji mai tsakuwa ko yashi, ƙasar ce ke yanke hukuncin abin da za ta karɓa. Bari mu yi lissafi a sauƙaƙe. Babur ɗin 450 na tsere nauyinsa wajen kilo 110, kai kuma a ce 70, jimla 180. A sako-sakon ƙasa, turin da taya za ta iya yi kafin ta fara zamewa bai fi kusan rabin nauyin da ke kanta ba, a ce kilo 100 in an yi sa'a kuma nauyin ya koma baya. To a gudun kilomita 40 a awa, turin kilo 100 doki 15 kacal yake ci. In ka murɗe totur ka saki doki 55 a wannan gudun, injin na neman tura ƙasa da ƙarfin da ya haura kilo 350. Ƙasar ba za ta karɓa ba. Doki 40 ɗin da suka rage sai su zama feshin yashi a bayanka, da rami a ƙarƙashin taya, da gindin babur yana wutsil-wutsil hagu da dama. Ko a kilomita 80 ma, wajen doki 30 ƙasar za ta ɗauka. Ka ga ke nan a gudun da ake yi a hanyar gona, babur mai doki 15 zuwa 20 da mai doki 55 kusan abu ɗaya suke iya sauke wa ƙasa.

Na ga wannan da idona a rani, a bakin kogin Challawa ta wajen Madobi, lokacin da ruwa ya janye ya bar yashi fari fat. Wani mai kawo mini gyara ya sayi 450, ya matsa sai mun je ya gwada. Muka tafi da wani dattijo, tsohon malamin gona, wanda ya yi shekaru yana zaga ƙauyuka a kan Yamaha, yana kan babur ɗinsa mai 200cc da fentinsa ya koɗe. Muka sa alama da wata bishiyar giginya a tsallake. Mai 450 ya ba da wuta tun daga tashi, ƙara ta cika wurin, yashi ya tashi sama ya fi tsayin mutum, tayar baya ta nutse har kusa da sarƙa. Da ya samu ya fita, sai gaban ya fara rawa, ya tsorata ya saki totur gaba ɗaya, nauyi ya koma kan tayar gaba, ta caki yashi, ya kife a hankali ta gefen hagu. Dattijon nan kuwa kafin ya tashi sai da ya durƙusa ya rage iskar tayoyinsa, yana danna su da babban yatsa yana saurare. Ya tashi a giya ta biyu, ya sa ta uku da wuri, ya miƙe tsaye a kan matakai, ya ja jikinsa baya, ya riƙe totur wuri ɗaya bai ƙara ba bai rage ba. Babur ɗin na lilo a ƙarƙashinsa, shi kuwa idonsa na kan giginyar. Ya isa, ya kashe inji, ya zauna a inuwa yana jiranmu. Da mai 450 ya ƙaraso yana haki, sai dattijon ya ce masa: "Ɗana, yashi ba a yi masa faɗa, lallaɓa shi ake yi." Ban ƙara masa komai a kai ba.

Kada ka fahimce ni a karkace. Yashi mai zurfi na cin ƙarfi sosai, domin taya na ture shi ne kamar garma, kuma nan ne Boxer ɗinka ke gazawa da gaske. Ƙwararren mahayi a kan 450 zai bar dattijon nan nesa, saboda ya san yadda zai hau saman yashin da gudu ya riƙa yawo a kansa. Amma sai an kai wannan mataki na ƙwarewa kafin rarar dawakin ta yi amfani, kuma ba a kai shi da wata uku.

Ko a wajen masu tsere na duniya haka abin yake. A filin tseren babur na ƙasa, mai tudu da kwana da tsalle, matsakaicin gudun zagaye bai cika wuce kilomita 60 a awa ba, ga shi kuwa suna kan injuna masu doki 55 zuwa 60. Kuma sau da yawa a fili ɗaya za ka ga lokacin masu 250, waɗanda ke da wajen doki 40, ya yi kusa da na masu 450 ƙwarai. Ka ɗauki tseren Dakar, wanda a shekarunsa na farko yake ratsa maƙwabtanmu, ta Agadas da hamadar Tenere. Na farkon ya tashi daga Faris a ƙarshen Disamba 1978 ya ƙare a Dakar a Janairu 1979, tafiyar wajen kilomita 10,000. Wanda ya ci shi, Cyril Neveu, a kan Yamaha XT500 yake, babur da ƙarfinsa bai fi doki 30 da 'yan kai ba. Daga baya injuna suka yi ta girma, gudu ya yi yawa, har masu shirya tseren suka taƙaita babura zuwa 450cc daga 2011. Yanzu tun 2020 a Saudiyya ake yin sa. Baburan Dakar na yau cc ɗinsu ɗaya da wanda aka yi maka talla, amma suna kai 160 saboda an ba su dogayen giya da garkuwar iska a gaba da manyan tankuna. Inji iri ɗaya, aiki daban, gudu daban.

To in ba doki ba, mene ne ke sa gudu a hanyar ƙasa? Na farko taya. Ƙurajen nan na tayar daji su ke shiga ƙasa su kama, su ne ke ɗaga wancan kilo 100 da muka lissafa. Tayar da ta suɗe a kan 450 ba ta kai sabuwar taya mai ƙuraje a kan 150 ba. Sannan iskar taya. Mai faci a bakin titi zai buga maka 30 ko fiye, wanda daidai ne ga kwalta da kaya. Masu hawan daji kuwa 12 zuwa 15 suke sawa, don tayar ta baje ta kama ƙasa. Sai dai baburansu na da wani maƙalli da ke danne bakin taya a jikin rim, don kada ta zame ta tsinke bakin tib. Boxer ba shi da shi, saboda haka in za ka rage, ka rage kaɗan, kuma in ka ɗauko buhu ko ka dawo kwalta ka mayar.

Na biyu girman ƙafa da shakazoba, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da ya raba babur ɗin daji da na gari, ya fi inji muhimmanci. Tayar gaba ta babur ɗin daji inci 21 ce, ta Boxer 17. Babbar ƙafa na haye rami da ƙarama ke faɗawa ciki. Shakazobar babur ɗin tsere na nutsewa wajen santimita 30, ta babur ɗin gari kuwa ba ta kai rabin haka ba. A gargada irin wadda motocin yashi ke bari a burji, tayar Boxer na tsalle, rabin lokaci tana sama, kuma tayar da ke sama ba ta tura komai, ba ta kuma kama birki. Abin da ke sa ka rage gudu a hanyar gonarka, in ka lura da kyau, ba ƙarewar totur ba ce. Bayanka ne ke ciwo, hannunka ke karkarwa, babur ɗin ke neman kuɓuce maka. Ka gwada ka gani: sau nawa ka taɓa murɗe totur ɗin Boxer har ƙarshe a cikin kilomita 15 ɗin nan? In amsar ita ce sai a yashi kawai, to doki 8 ɗin ma ba ka gama cinye su ba a sauran hanyar.

Akwai kuma rabon da garinmu ke karɓa. Inji da iska yake aiki, kuma adadin da ke takarda an auna shi ne a iska mai sanyi daidai da gaɓar teku. Kano na sama da teku da wajen mita 480, wannan kaɗai na rage kusan kashi 5 cikin ɗari. A watan Afrilu da zafi ke kai digiri 40, iska na ƙara yin sako-sako, wani kashi 6 ko kusa da haka ya tafi. Ka ga kashi ɗaya cikin goma ya tafi tun ba ka tayar da babur ba. Shi ya sa babur ke fi jin daɗin tafiya da asuba. Wanda ya taɓa hawa da babur zuwa Jos ya san yadda yake yin laushi a can sama.

Ƙura kuwa ta fi duka ɓarna. A hunturun bara na buɗe matatar iskar wani babur ɗin daji, soson ya zama ja wur, ya ƙame kamar tubali, na kankare shi da farce ƙasa na zuba. Mai shi yana kukan babur ba ya ja, yana shan mai, yana baƙin hayaƙi. Injin numfashi ya kasa. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wani ya riga ya ba shi shawarar ya huda soson don iska ta shiga. Da muka sauke silinda, jikinta duk zane ne tsaye-tsaye, ringi ya cinye, bawul ba ya rufewa. Soson nan wanke shi ake yi, a bar shi ya bushe, a shafa masa mai a matse, kuma mai bin burji a lokacin ƙura ya duba shi duk mako. Wannan aikin na minti 20 ya fi duk wata salansa mai ƙara da ake sayarwa dawo da doki. Salansar da aka fasa ba tare da an daidaita kafireto ba, yawanci ƙarfin ƙasa take ragewa, sai ƙara kawai. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Nauyi ba zan daɗe a kansa ba. Kai da Boxer kilo 180 ne, kowane doki na jan kilo 22. Ka ɗora buhun masara, kowane doki na jan fiye da 30. A 450 kowane doki kilo 3 da ɗan abu yake ja. Wannan bambanci a tashi da hawan tudu ake jin sa, a shimfiɗaɗɗiyar hanya kuwa nauyi bai cika taɓa gudun ƙarshe ba. Sai dai ka sani babur ɗin tsere ba shi da wurin ɗaure buhu ko kaɗan.

Maleji ma kada ka ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari. Yawancinsu suna ƙara wa gudu kaɗan. In kana son sanin gaskiya, ka sa manhajar GPS a wayarka, ka jefa ta aljihu, in ka isa ka duba matsakaicin gudu. Shi ne ke gaya maka lokacin da za ka isa gona.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne lafiyarka. Nisan da babur ke ci kafin ya tsaya yana ninkuwa sau huɗu in gudu ya ninku sau biyu, kuma a kan tsakuwa ya fi haka tsawo nesa ba kusa ba. Hanyar gona ba filin tsere ba ce. Akwai amalanken shanu a bayan kwana, akwai awaki, akwai yara masu dawowa daga makarantar allo, akwai zaizayar da ruwan jiya ya yi wadda ba ta nan shekaranjiya. Boxer in ka yi kuskuren murɗa totur yana ba ka lokaci ka gyara. 450 ba ya ba da wannan lokacin, kafin ka ankara gaba ya ɗaga. Ga tsayi, sirdinsa ya kusa mita ɗaya, mai matsakaicin tsawo da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Na je dubiya Asibitin Ƙashi na Dala fiye da sau ɗaya saboda irin wannan, kuma duk wanda na je dubawa, hawansa bai kai ƙarfin abin da ya hau ba. Kowane babur ka ƙare da shi, hular kwano da takalmi mai rufe idon sawu su zama dole.

Sannan ka tambayi mai sayarwa wane irin 450 ne. In na tseren fili ne zalla, ba shi da fitila, ba shi da hon ko madubi, tankinsa lita 6 zuwa 7 ne, kuma ba ka da abin da za ka gaya wa 'yan KAROTA ko jami'an kiyaye haɗurra in ka hau titi da shi. Lissafin gyaransa da awa ake yi, ba da kilomita ba. Akwai littattafan kamfani da ke cewa a canza baƙin mai da fistan duk bayan wajen awa 15 na tsere. Baƙin man da ke cikinsa wajen lita ɗaya ne, matsin injinsa ya kai 13 bisa 1, yana son fetur mai kyau sosai, ba na bumburutu ba. Da ruwa yake sanyaya, in ka tsaya a cunkoson Ƙofar Nasarawa da rana lagireto zai tafasa, don yawancinsu ba su da fanka. Ɗan Kwatano kuma ba ka san awa nawa ya yi a hannun mai shi na farko ba. In fistan ko bawul ya tafi, za ka zaga Sabon Gari da Fagge ba lalle ka samu ba, sai an yi oda, babur na jingine wata guda ana tsakiyar damina. Kayan Boxer kuwa ko a Bunkure za ka samu.

Ga lissafin lokacinka. In yanzu matsakaicin gudunka a kilomita 15 ɗin nan 30 ne, minti 30 kake yi. Babur mai babbar ƙafa da doguwar shakazoba da taya mai ƙuraje zai iya kai ka matsakaicin 40 ba tare da ka sa ranka a haɗari ba, wato minti 22 zuwa 23. Wannan ribar ta minti 7 ko 8 za ka same ta a babur mai doki 12 zuwa 20, kuma 450 ba zai ƙara maka wani abin kirki a kanta ba, domin hanyar da idonka ne suka sa iyakar.

Saboda haka shawarata, ka bar 450 ɗin nan. In kuɗin na hannu, nemi babur ɗin gari da daji mai 150cc zuwa 250cc, mai sanyaya da iska, irin su Honda XR150L ko Yamaha AG200 da aka ƙera musamman don aikin gona, ko wani mai irin ƙirarsu wanda ka tabbatar akwai kayansa a kasuwa. In kuɗin bai kai ba, kawo Boxer ɗin. Za mu sa masa taya mai ƙuraje gaba da baya, mu ƙara haƙora biyu ko uku a farantin baya don ya samu ƙarfin ja a yashi, ka haƙura da ɗan abin da zai ragu a kwalta, mu canza man shakazobar gaba, mu wanke matatar iska, mu sa sabuwar sarƙa in ta miƙe. Kafin ka kawo shi, ka je gona sau biyu da GPS a aljihu ka rubuta lokacin da ka yi, ka kuma lura da wuraren da kake murɗe totur har ƙarshe. Ranar Asabar bayan la'asar ina gareji, ka zo da takardar mu duba tare.